Kafin A Kafa Rumfa, A Fara Sanin Hanyar Ruwa

Duk wanda ya bi hanyar motar da ta tashi daga Kafanchan ta nufi Kwoi, ba makawa zai ratsa ta Fadan Kagoma, wato babban garin ƙasar Gwong, a cikin Ƙaramar Hukumar Jema'a ta Jihar Kaduna. Sunan garin ba baƙo ba ne ga masu karanta jarida, domin kuwa nan ne mahaifar marigayi Patrick Ibrahim Yakowa, wanda ya zama Gwamnan Jihar Kaduna a shekarar 2010, kuma nan aka yi jana'izarsa bayan hatsarin jirgi mai saukar ungulu da ya rutsa da shi a Jihar Bayelsa cikin watan Disamba na 2012. To, amma ba sha'anin mulki ne ya kai wannan shafi can a makon nan ba. Magana ce ta cikin gida, wadda mutane da yawa suke ɗauka ƙarama, alhali kuwa takan cinye kuɗin amfanin gona na shekara guda, ta kuma haɗa maƙwabta faɗa. Wato maganar kafa rumfa a bayan gida, da madafarta, da fitilarta, da hanyar ruwanta.

A wannan yanki lokacin gini sananne ne. Da zarar ruwa ya ɗauke wajen ƙarshen watan Oktoba, masara da acca suka shiga rumbu, aka kuma kama tonon citta, sai ɗan abin hannu ya samu. Ga kuma watan Disamba ya ƙarato, lokacin da 'ya'ya da jikoki masu aiki a Kaduna da Abuja da Ikko sukan komo gida bikin Kirsimeti da ɗaurin aure da taron dangi. Ɗakuna ba su ɗaukar jama'a, girkin mutum hamsin kuwa ba ya yiwuwa a ƙuryar ɗaki. Sai maigida ya ga babu abin da ya fi kamar ya kafa rumfar kwano a bayan gida, a daɓe ƙasanta da siminti, a gina murhu a gefe guda, a jawo wuta. Wannan shawara ce mai kyau ƙwarai, gama rumfa irin wannan ita ce wurin tsaga citta da ɓarar gyaɗa da rana, ita ce kuma wurin hira da karatun yara da dare.

Illa dai ana yin aikin ne da rani, sa'ad da ƙasa ta bushe ƙayau, sama kuma ba ko alamar gajimare. Kafinta ya zo da awonsa, birkila ya zo da nasa, a yi cinikin kwano bandir kaza, katako kaza, siminti buhu kaza, cikin mako guda an gama, an ci an sha a ƙarƙashinta. Babu wanda ya tambayi inda ruwan wannan sabon rufi zai bi. Amsar takan zo da kanta cikin watan Afrilu ko Mayu, ranar da hadari ya taso daga gabas, ruwa ya kwararo daga bakin kwano ya haƙa rami a gindin bangon ɗaki, ya cika murhu, ya kuma ratsa ta ƙarƙashin danga ya shiga gidan maƙwabci.

RUWAN KUDU BA NA KANO BA NE

Abin da ya kamata mai gini a ƙasar Kagoma ya riƙe a ransa shi ne, yana zaune a ɗaya daga cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duk Jihar Kaduna. Damina takan faɗi cikin Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, kuma ruwan da yake sauka a kewayen Kafanchan cikin shekara yakan kai wajen milimita 1,500, wata shekarar ma ya wuce, alhali na Kano galibi ba ya cika 1,000. Ga wanda bai saba da wannan awo ba, lissafin mai sauƙi ne. Duk milimita ɗaya ta ruwan sama, in ta sauka a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. Saboda haka rumfa matsakaiciya, mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4, za ta tara lita 36,000 a damina guda, wato cikin duro 180 mai cin lita 200. Ruwan dare ɗaya ma, in ya yi ƙarfi ya kai milimita 50, duro shida ne cif yake zubowa daga wannan ɗan rufi. Kafin a kafa rumfar, ƙasar wurin ce take shanye wani kashi na ruwan nan a hankali. Bayan an rufe ta da kwano da siminti, gaba ɗayansa yakan taru ya zubo a layi guda, cikin ɗan lokaci, da ƙarfinsa.

Magina na dā sun san haka ba tare da alƙalami ba. Shi ya sa a Kano da Katsina aka iya yin soro mai rufin ƙasa, a sa masa indararo ya wadatar, amma a ƙasashen kudancin Zazzau aka riƙa yin jinka mai tsini da gangara, a bar bakin ciyawar ya sauko ya zarce bango sosai, domin ruwa ya faɗi nesa da gindin ɗaki. Aka kuma riƙa ɗora rumbu a kan duwatsu saboda laima da gara. Da kwano ya zo, ya kawar da wahalar yankan ciyawa da tsoron gobara, amma sai aka yar da dabarar tare da ciyawar. Yau sai a ga rumfa mai rufi kusan a kwance, bakinta daidai da bango, an kuma juya gangararta tana fuskantar ɗakin kwana, don kawai ta nan ne katako ya fi sauƙin kamawa.

Saboda haka aikin farko ba na kafinta ba ne. Maigida ne da kansa ya kamata ya tsaya a bayan gidansa ana tsakiyar ruwa, tun cikin watan Agusta, ya duba inda ruwa yake fitowa, da inda yake kwanciya, da inda yake ficewa. Wanda bai yi haka ba kuwa, alamun suna nan har da rani: inda yashi ya taru, inda gansakuka ta bushe a jikin bango, inda ƙasa ta zaizaye tsakuwa ta fito. A wurin da ya fi tudu ake kafa rumfa, a juya gangarar rufinta ta ba ɗakuna baya. A ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tsawo da kamar inci shida, a kuma karkatar da shi kaɗan, misalin santimita ɗaya zuwa biyu cikin kowace mita, zuwa wajen rariya. Wannan karkata ido ba ya ganinta, ƙafa ma ba ta jinta, amma ruwa ya san da ita. Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata a yi kafin a biya birkila cikon kuɗinsa: a kwara guga biyu na ruwa a tsakiyar daɓen a tsaya a gani. In ya bi hanyarsa ya fice, aiki ya yi. In kuwa ya kwanta ya yi tafki, to, gyara yana wuyan mai aiki tun bai kwashe kayansa ba.

RUWA IRI BIYU

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa ruwan sama da ruwan wanke-wanke a kwata ɗaya. Na farko dukiya ne, na biyu kuwa ƙazanta ce, kuma kowanne da hanyar da ta dace da shi. Ruwan rufi, a sa masa makwarara ta kwano ko ta roba a bakin rufin, ta kai shi cikin tanki ko duro mai murfi. A bar ruwan farko ya wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye ya zube, sa'an nan a fara tara na bayansa. Gidan da ya yi haka ya hutar da mata da yara zuwa rijiya ko rafi har tsawon wata shida, a kan wanki da wanka da wanke-wanke. Rarar da ta yi ambaliya kuma a yi mata 'yar kwata ta siminti ko ta jerin duwatsu, ta bi da ita zuwa lambatun bakin hanya ko cikin garka. Murfin nan kuwa ba ado ba ne. Sauro yana iya ƙyanƙyashewa ya tashi cikin mako guda zuwa kwana goma a ruwan da ya kwanta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha bayyana cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke.

Ruwan wanke-wanke shi ne mai wuyar sha'ani, gama yana tafe da manja da sabulu da guntun tuwo. In aka sake shi a fili sai ya yi baƙi ya yi wari, ƙuda da agwagi da aladu su mai da wurin dandali. In aka tura shi cikin bututu kai tsaye, maiƙo ya daskare ya toshe shi cikin 'yan watanni. Maganin abin shi ne a gina ɗan akwatin bulo mai murfi a bakin wurin wanke-wanke, a sa raga ta tare tsaki, ruwa ya ɗan tsaya a ciki maiƙo ya taso sama a riƙa kwashewa, sa'an nan ya wuce cikin rami mai cike da duwatsu da tsakuwa, wanda magina suke kira sokawe, ƙasa ta tsotse shi. Ramin nan ya nisanci harsashin ɗaki da kamar mita 5, ya kuma nisanci rijiya da mita 30 in fili ya ba da hali, kuma ya kasance a gangare da ita, kada abin da aka zubar ya komo cikin abin sha. Kafin a haƙa, a gwada ƙasar: a tona ɗan rami a cika shi da ruwa da yamma. In da safe ya tsotse, wurin ya yi. In an tarar da shi yadda aka bar shi, an faɗa kan yumɓu ko marmara, sai a nemi wani wuri. Mutanen yankin suna da tasu dabara mai kyau, wato dasa ayaba ko gwaza a ƙarshen kwata, su sha ruwan su ba da abinci.

MADAFA DA MAI DAFAWA

Sau da yawa maigida da magini su ne suke yanke shawarar inda murhu zai zauna, uwargida kuwa, wadda za ta shekara ashirin a gabansa, sai dai ta zo ta tarar. Wannan ba daidai ba ne, kuma asara ce, domin ita ta san ta inda iska take kaɗo hayaƙi, da inda rana take dukan mutum da la'asar, da nisan da ke tsakanin tulu da tukunya. Tun da tsadar kananzir da gas ta tsananta, musamman daga shekarar 2023 da aka janye tallafin man fetur darajar Naira kuma ta faɗi, gidaje da yawa sun koma kan itace da gawayi. Hayaƙin nan ba abin rainawa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai, mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 ne suka rasu a duniya ta dalilin gurɓatacciyar iskar cikin gida, kuma mata da ƙananan yaran da suke goye ko suke zaune kusa da murhu su ne suka fi shaƙar ta. Fitar da girki daga ƙuryar ɗaki zuwa rumfa babban rigakafi ne, muddin ba a mai da rumfar wata ƙuryar ba.

Don haka kada a toshe madafa ta kowane gefe. A yi bango ta gabas, inda guguwar farkon damina take fitowa, sauran gefunan kuwa a tsaya a rabin bango, a bar sarari tsakanin bango da rufi hayaƙi ya sami mafita. Rufin ya yi tsawon ƙafa tara ko goma, gama kwanon da ya yi ƙasa yakan gasa mai girki da rana, hayaƙi kuma ya cinye shi da tsatsa. Da damina iska ta fi kaɗowa daga kudu maso yamma, da hunturu kuma daga arewa maso gabas, sai a zaɓi kusurwar da ko ta wace hanya ta kaɗa, hayaƙin ba zai nufi tagar ɗakin kwana ba. Murhun laka mai rufaffen gefe, wanda aka yi wa bututun hayaƙi, ya fi na duwatsu uku tsimin itace, ya kuma fi shi tsare yara daga ƙuna. A gina dakali mai tsawon ƙugu don yanka da jera kwanuka, a yi wa itace wurinsa a ɗage daga ƙasa, nesa da wuta. Mai tukunyar gas kuma ya tsai da ita a miƙe a inda iska take ratsawa, nesa da murhun itace da bakin rami, saboda gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake bi ya taru a kwari.

Ginshiƙai ma suna da abokan gaba biyu, gara daga ƙasa, iska daga sama. Katakon da aka binne kai tsaye cikin ƙasar nan mai laima ba ya daɗewa. A zuba masa gindin kankare ya ɗago sama da daɓe, a shafe shi da maganin gara, a kuma nemi itace mai ƙwari irin su tik na dajin Nimbiya, ko azarar giginya, ko kuwa a sa bututun ƙarfe in da hali. Rumfa kuma ba kamar ɗaki take ba, iska tana shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta kamar laima. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe ta. Sai an ɗaure kowane katakon rufi da langalanga a jikin ginshiƙi, in ba haka ba wata rana a wayi gari a tsinci kwanon a gonar wani.

FITILA

A nan ma ruwa ne mai hukunci. Wayar lantarkin da aka jawo daga ɗaki aka rataya a ƙusa, aka naɗe mahaɗinta da leda, tarko ce a ƙarƙashin rufin ƙarfe da jiƙaƙƙen daɓe. A kira ma'aikacin wuta wanda ya san aikinsa, ya bi da waya cikin bututun roba, ya kafa makunni da soket a sama inda feshin ruwa da hannun yaro ba su kaiwa, ya kuma haɗa wayar ƙasa. Da yake wutar kamfani ba abin dogaro ba ce a karkara, hasken rana ya zama mafita. Ƙwayayen zamani huɗu masu cin wat biyar-biyar, in suka yi awa biyar a kunne, ba su cinye abin da tsohon ƙwai ɗaya mai wat 60 yake ci cikin awa biyu ba, kuma ƙaramin faifan sola mai wat 50 da batirinsa ya ishe su har da cajin waya.

Wurin da aka sa fitila ya fi yawanta muhimmanci. Ɗaya ta haska dakalin girki daga gefe, ba daga bayan mai girki ba, kada inuwarta ta rufe tukunya, ba kuma daidai saman tukunya ba, gama duk wanda ya ga yadda shinge yake rufe fitila a farkon damina ya san inda zai ƙare. Ƙwai mai haske ja-ja bai kai fari fat jan ƙwari ba. Wata fitilar ta haska hanyar bayan gida da ta rijiya, saboda maciji da kunama. Janareto kuwa ba shi da wuri a ƙarƙashin rumfar da take manne da taga, ko da ana ruwa. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma ta sha hallaka iyali guda cikin barci a garuruwan ƙasar nan.

ABIN DA ZA A FARA SAYA

Kowa ya san kuɗi ya yi wuya, balle ga manoman citta, waɗanda annobar ruɓewa ta cinye musu gonaki a kudancin Kaduna cikin daminar 2023, har iri ya gagari mutane da yawa. Wanda ƙarfinsa bai kai ya gama aikin a shekara guda ba, babu abin kunya in ya raba shi, amma ya san abin da zai gabatar. Cikon ƙasa da daɓe da kwata da rami su ne na farko, domin su ne ba su gyaruwa sai an fasa. Ginshiƙai da rufi su biyo baya, sa'an nan murhu, sa'an nan fitila. Fenti da tayil da kujerun roba suna iya jiran wata kakar. Akasarin mutane daga ƙarshe suke farowa, su sayi abin da baƙin Disamba za su gani su yaba, su bar abin da Agusta za ta tona. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma buhun siminti biyu da aka yi tsiminsu a wajen kwata su ne sukan jawo sake ginin bango sukutum.

Saura haƙƙin maƙwabci. Ruwan rufin mutum nauyinsa ne har ya kai shi hanyar da kowa ya yarda da ita. Ba daidai ba ne a huda rariya ta fuskanci bangon wani, ko a saki ruwan wanke-wanke a kan turbar da yara suke bi zuwa makaranta, sa'an nan ranar Lahadi ko Juma'a a gaisa kamar ba a yi kome ba. Ƙararraki da yawa da suke zuwa gaban masu unguwa da dagatai da damina daga bakin rariya suke tasowa, kuma da an zauna an yi shawara tun da rani, da gidaje biyu ko uku sun haɗa kuɗi sun ja kwata ɗaya ta ishe su. A zamanin En'e akwai duba-gari, wanda yake shiga gida-gida yana leƙa tulu da kwata, mutane suna tsoronsa, amma unguwa tana tsabta. Ma'aikatan lafiyar muhalli suna nan har yanzu a ƙananan hukumomi, kuma zai kyautu Ƙaramar Hukumar Jema'a da sarakunan yankin su riƙa tura su zagaye cikin watan Nuwamba da Disamba, lokacin da ake gini, su ba da shawara tun siminti bai bushe ba. Su kuma magina da kafintoci, ya kamata su riƙa gaya wa mai aiki gaskiya ko da ba ta yi masa daɗi ba, gama rumfar da ta yi damina goma ba ta yoyo ba ta tara ruwa, ita ce take kawo wa wanda ya kafa ta aikin gaba.